Ko Kun Sani? Katangar Berlin Mai Fuska Biyu

Katangar Berlin, wadda ta raba birnin gida biyu daga 1961 zuwa 1989, fuska biyu gare ta. Ɓangaren da ke kallon Yamma ya cika maƙil da zane-zane da rubuce-rubucen fenti. Na Gabas kuwa ba ko ɗigo, domin sojojin da ke gadi suna da umarnin harbin duk wanda ya yi yunƙurin tsallakewa.

Ko a Yamman ma yin zanen kasada ce, saboda katangar tana ɗan cikin yankin Jamus ta Gabas. Shi ya sa Thierry Noir, Bafaranshen da ya fara yi mata fenti a 1984, ya riƙa zana manyan kawuna masu kaurin leɓe da launi biyu ko uku kacal, don ya gama da sauri kafin masu gadi su fito. A 1986 Keith Haring ya zo daga Amurka ya zana jerin mutane a sarƙe da juna, da launukan tutar Jamus.

Bayan faɗuwar katangar, a 1990, masu zane 118 daga ƙasashe 21 suka ƙawata fuskar Gabas ta wani ɓangarenta da ya rage a bakin kogin Spree, tsawon mita 1,316. Wurin shi ne East Side Gallery, inda Birgit Kinder ta zana motar Trabant tana fasa katangar. An sa shi cikin wuraren tarihi a 1991, aka sabunta zane-zanen a 2009.