MALAMIN HOKI DA YA FITO DA 'YA'YAN TALAKAWA A SHAHABAD

Masu sha'awar fim ɗin Indiya za su tuna da Chak De India, wanda ya fito cikin 2007, inda Shah Rukh Khan ya fito a matsayin mai koyar da 'yan mata wasan hoki. To, wancan labari ne na majigi. Amma akwai wani ƙaramin gari a ƙasar Indiya inda irin wannan abu ya auku a zahiri, kuma ba cikin sa'a uku ba, sai da aka yi fiye da shekara 20 ana fama.

Sunan garin Shahabad, a Jihar Haryana, arewa da birnin Delhi, kan babbar hanyar zuwa Ambala. Mai koyarwar kuwa sunansa Baldev Singh, mutumin Jihar Punjab, wanda hukumar wasanni ta Haryana ta fara turawa can cikin 1982. Ya yi 'yan shekaru aka ɗauke shi, daga baya ya komo a farkon shekarun 1990, ya kafa sansaninsa a filin wata makarantar 'yan mata ta garin.

Fama da iyaye

Abin da ya fara cin karo da shi ba rashin fili ko rashin sanduna ba ne, a'a, iyaye ne. Haryana wuri ne da aka fi ɗaukaka ɗa namiji, har ƙidayar 2011 ta nuna mata 879 ne kacal ga kowane maza 1,000 a jihar. A irin wannan wuri, a ce yarinya ta fita da asuba, ta sa gajeren siket tana gudu a fili, abin magana ne a unguwa. Dole mai koyarwa ya shawo kan uba da uwa tukuna kafin ya koya wa 'yarsu riƙon sanda.

Shi kuwa hoki, watau ƙwallon gora, ba wasa ne da ake koyo da girma ba. Mutum 11 ne a kowane gefe kamar ƙwallon ƙafa, amma fuska ɗaya ta sandar kaɗai aka yarda a taɓa ƙwallo da ita, saboda haka sai hannu ya saba da juya sanda cikin gudu, baya kuma a sunkuye. Ba a kuma lissafa ci sai an bugo ƙwallon daga cikin da'irar da ke gaban raga. Don haka ne Baldev ya riƙa ɗaukar yara tun suna ƙanana, yana bi da su safe da yamma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yar mai amalanke

Cikin yaran da suka zo hannunsa babu wadda labarinta ya bazu kamar Rani Rampal, wadda aka haifa ran 4 ga Disamba 1994. Ubanta ɗan amalanke ne, uwarta kuwa aikatau take yi a gidajen mutane. Ita da bakinta ta ba da labari cewa da farko mai koyarwar ƙin karɓarta ya yi, don yana ganin ba ta da ƙwarin jiki. Da wata karyayyar sanda da ta tsinta a fili ta soma, ta yi ta naci har aka ɗauke ta.

Ta ce an ɗora wa kowace yarinya ta zo da rabin litar madara kullum. Gidansu ba su da halin sayen wannan, sai ta riƙa ƙara ruwa cikin 'yar wadda aka samu don ta cika ma'auni. Ba su kuma da agogo a gida, saboda haka uwarta kan hana idonta barci tana duban sama, don ta tashe ta a kan lokaci.

Baldev mutum ne mai tsanani, wanda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kan makara. Amma shi ɗin dai ne, in ji Rani, ya saya mata takalma da kayan wasa, ya kula da abincinta, har ya zaunar da ita cikin iyalinsa. Watau horo da hannun dama, ciyarwa da hannun hagu. Da ɗaya kawai ya riƙe, da yarinyar ba ta kai ko'ina ba.

Abin da aka girba

Ba a daɗe ba 'yan matan Shahabad suka zama ƙashin bayan ƙungiyar Jihar Haryana, daga nan suka fara cika ƙungiyar ƙasa. Suman Bala tana cikin waɗanda suka ciwo wa Indiya lambar zinariya a wasannin ƙasashen Kwamanwel a Manchester cikin 2002. Surinder Kaur da Ritu Rani duk sun riƙe kyaftin na ƙasa, kuma a hannun Ritu ne Indiya ta sami gurbin zuwa wasannin Olamfik na 2016, bayan shekara 36 rabon matanta da zuwa. Gwamnatin Indiya ta ba Baldev lambar Dronacharya cikin 2009, wadda ake ba gwanayen masu koyar da wasa.

Rani kuwa tana da shekara 15 ta buga gasar cin kofin duniya a Ajantina cikin 2010, ta ci ƙwallo 7, aka zaɓe ta gwanar matasa ta gasar. Ita ce kyaftin a wasannin Olamfik na Tokyo cikin 2021, tare da wasu 'yan garinsu biyu, Navjot Kaur da Navneet Kaur. A can suka ba duniya mamaki, suka fitar da Ostireliya da ci 1 da nema. Ajantina ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, sa'an nan Birtaniya ta ƙwace lambar tagulla da ci 4 da 3, suka tashi na huɗu. Rani ta ajiye sanda cikin 2024.

Amma a wurin iyayen Shahabad ba lambobi ne suka fi auki ba. Da yawa daga cikin 'yan matan sun sami aikin albashi ta dalilin wasan, musamman a hukumar jirgin ƙasa ta Indiya, wadda ke ɗaukar 'yan wasa. Da maƙwabta suka ga 'yar wane tana kawo kuɗi gida, sai bakin da ke zunɗe ya koma neman hanyar shigar da tasa 'yar. Rani ta ce kuɗin farko da ta samu, rupi 500, ubanta ta miƙa wa. Cikin 2017 kuma ta cika alkawarin da ta yi wa iyayenta, ta saya musu gida nasu na kansu.