Kafar Haske a Kyamara

A cikin gilashin kyamara akwai wata 'yar kafa da haske ke bi, mai buɗewa da tsukewa kamar ƙwayar ido. Lambobinta a juye suke: f/2.8 babbar kafa ce, f/16 kuwa ƙarama.

Idan kafar ta buɗe sosai, abin da aka saita kaɗai ke fitowa tangaran, bayansa ya yi dishi-dishi. Hakan ya dace da hoton mutum ɗaya. Amma a hoton 'yan aji masu sahu uku, fuskokin na baya za su dushe. Maganinsa a tsuke kafar zuwa f/8. Sai dai hasken da zai shiga ya koma kashi ɗaya cikin takwas, saboda haka gara a fita waje a ɗauka.