Kwamfuta Ta Girke Ko Tafi-da-gidanka: Wacce Ta Fi Dacewa Da Mai Zane?

Tun da aikin tsara takardun shaida, da kalanda, da allunan koyarwa na bango ya bar hannun mai alƙalami da tawada ya koma kan kwamfuta, tambaya guda ce malamai da akawuna su ke ta aiko mana: in kuɗin da aka ware na inji ɗaya ne tak, ta girke za a saya, watau wadda a ke kafawa bisa tebur, ko kuwa tafi-da-gidanka wadda a ke naɗewa a sa a jaka? Tambayar tana da nauyi, gama inji irin wannan ba kowace shekara a ke saye ba, wanda ya yi kuskure kuwa zai zauna da kuskurensa shekara huɗu ko biyar.

Wannan sana'a a kan ta girke aka haife ta. Kamfanin Apple na Amurka ya fito da Macintosh a 1984, manhajar PageMaker ta tsara shafuka ta biyo baya a 1985, CorelDRAW ta fito daga Kanada a 1989, sa'an nan Photoshop a 1990. A lokacin injin da a ke ɗauka a hannu ba shi da ƙarfin wannan aiki, shi ya sa tsofaffin masu zane har yanzu su ke yi masa kallon raini. Amma zamani ya wuce nan. Tafi-da-gidanka mai kyau ta yau za ta ɗauki kowace daga cikin manhajojin zane ba tare da nishi ba. Saboda haka maganar ƙarfi ba ita ce za ta raba gardama ba. Abin da zai raba ta biyu ne, fuskar da a ke kallo da wutar da a ke sha.

Mu fara da fuska, domin nan ne masu saye suka fi yin sake. Takardar A4 tsawonta santimita 29.7 ne. Fuska mai inci 24, irin wadda a kan haɗa wa ta girke, tsayinta wajen santimita 30 ne, watau mai zane yana ganin shafi kusan kamar yadda zai fito a takarda. Tafi-da-gidanka mai inci 14 kuwa tsayin fuskarta bai kai santimita 20 ba. Dole mutum ya ƙanƙance shafin har ƙananan baƙaƙe su ɓace masa, ko ya girmama shi ya riƙa leƙensa gefe-gefe kamar mai duba zane ta kafar ƙofa. A irin wannan leƙe ne ƙugiyar ƙ ko ta ɗ kan faɗi ba a lura ba, sai an buga kofi ɗari biyar.

Launi ya fi wannan wuya. Fuskar kwamfuta da haske ta ke yin launi, tana gauraya ja da kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu ya ke yi, shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Tun asali ba su zama ɗaya ba, to, ina ga an ƙara da fuska maƙaryaciya? Akwai ma'aunin launi da a ke kira sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka tsara a 1996. Da yawa daga cikin tafi-da-gidanka masu araha ba su nuna fiye da wajen kashi 60 cikin ɗari na wannan ma'auni, wasu kuma in ka ɗan karkata murfin sai launin ya sāke. Koren tuta da ka zaɓa da safe sai ya dawo daga maɗaba'a kamar ganyen da ya kwana. Duk wanda aikinsa zai ƙare a takarda, lalle ya nemi fuska irin wadda a ke kira IPS, mai nuna sRGB kusan duka. A kan ta girke wannan abu ne mai sauƙi, don fuskar dabam a ke sayenta.

To, amma fa ga wuta. Nan ne tafi-da-gidanka ta ke ramawa, kuma a ƙasarmu ramuwa ce babba. Tana ɗauke da batirinta, in an ɗauke wuta ko gezau. Ta girke kuwa nan take za ta mutu, duk abin da ba a adana ba ya tafi, sai fa in an haɗa mata na'urar riƙe wuta da a ke kira UPS, ita ma ƙaramarta mintoci kaɗan ta ke bayarwa, gwargwadon a adana aiki a kashe inji. Ban da wannan, tafi-da-gidanka ta aikin zane kan sha wat 65 zuwa 100, ta girke mai katin hoto mai ƙarfi kuwa tana iya wuce wat 300 in aiki ya yi nauyi. Wanda ya dogara da sola ko ƙaramin janareta ya san abin da wannan bambanci ya ke nufi a aljihunsa. Saboda haka in ana lissafin kuɗin ta girke, a sa kuɗin UPS a ciki, in ba haka ba lissafin bai cika ba.

Batun gyara na ta girke ne. Akwatinta na da fili, iska na shiga, zafin bazara bai cika rage mata gudu ba, ƙurar hunturu kuma a buɗe a kakkaɓe. In ma'ajin aiki da a ke kira RAM ya gaza, sai a ƙara. Tafi-da-gidanka siraran nan da yawa an liƙe musu RAM da dalma, na Apple da suka fito tun daga 2020 duk haka su ke, abin da ka saya da shi za ka rabu. Don haka kada mai zane ya yarda da ƙasa da gigabait 16, ko da mai kanti ya rantse masa takwas sun isa. Takwas na isa ga wasiƙa, amma babbar takardar sanarwa mai hotuna da yawa za ta sa inji rarrafe.

Ra'ayinmu dai shi ne, makaranta ko ofis mai ɗaki tsayayye, inda mutum biyu ko uku za su riƙa karɓa-karɓa, su sayi ta girke da fuska mai inci 24 da UPS. Ko ba kome ta fi wuyar sata, ba ta kuma bin wani gida ran Juma'a ta dawo ran Talata. Malamin da aikinsa na yawo ne, yau ƙauye, gobe maɗaba'a, ko wanda wuta ba ta zama a unguwarsu, ya sayi tafi-da-gidanka, sa'an nan in hali ya yi ya ƙara fuska babba ya ajiye a tebur ya riƙa jona ta.

Mai sayen ta hannu kuwa, irin waɗanda a ke shigowa da su daga Turai, kada ya biya sai ya zare wayar wuta ya ga batirin ya riƙe sa'a guda ana aiki, ya kuma buɗe farin shafi fes ya duba ko akwai tabo ko rawaya a kusurwoyi.