Abin da ya inganta da abin da bai inganta ba game da sifirin da shakazoba

Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari da Dogon Daji, ta sauka Tambuwal kafin ta miƙe zuwa Aliero da Jega, ya kuma san cewa da zarar an saki wannan kwalta an nufi ƙauyukan ƙasar Kebbe, wajen Kuchi da Girkau da Margai, sai burji da rairayi da gargada da wuraren da ruwan damina ya zaizaye, ba zai yi mamaki ba in an ce masa da wuya a sami sashen mota da ya kai ƙafarta shan wahala a wannan yanki. Inda kuwa wahala ta yawaita, nan fatawa ke yawaita, har ya zama kowane direba a tasha da kowane yaron gareji yana da mazhabarsa a kan sifirin da shakazoba. Malamanmu sun koya mana cewa ba a karɓar labari don yawan masu faɗinsa, sai an duba madogararsa, an ware ingantacce daga mai rauni, an jefar da ƙagagge. Wannan ma'auni muke so mu ɗora wa maganganun da ke yawo a kan ƙafar mota, domin mai motar da ke shiga hanya kullum ya san inda zai sa kuɗinsa.

Asalin mas'alar, wanda galibin ruɗanin ya tsiro daga jahiltarsa, shi ne cewa waɗannan abubuwa biyu, ko da yake maƙwabta ne, wani lokaci ma ɗaya na cikin ɗaya, aikinsu ya sha bamban. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota da abin da ke cikinta, shi ne kuma ke tsayar da ita a kan tsayin da take. Amma ɗabi'arsa ce in an danne shi ya mayar da martani, ya yi ta lilo sama da ƙasa. Shakazoba kuwa bututu ne mai mai a ciki, da sanda mai tura man ta ƙananan kafofi, ta yadda ƙarfin lilon ke komawa zafi ya fita ta jikin ƙarfen, tayar kuma ta zauna daram a ƙasa. Misalinsu misalin doki ne da linzami: doki ke ɗauke da mahayi, linzami ke hana shi zabura, ba a kuma taɓa jin wanda dokinsa ya rame ya sayo sabon linzami don ya ƙara masa ƙarfin ɗaukar kaya ba.

To, daga nan za a gane hukuncin maganar da aka fi ji, wato in bayan mota ya zauna sai a ce shakazoba ta mutu. Wannan ba ta inganta ba. Motar da ta zauna alhali ba kowa a cikinta, sifirinta ne ya gaji ko ya karye, galibi a zagayen ƙarshe na ƙasa, inda ƙasa da ruwa ke taruwa. Abin da ya ba maganar kamar gaskiya shi ne, a mota irin Golf 3, wadda ta cika tashoshinmu, sifirin baya a jikin shakazoba yake zaune, tare ake kwance su, tare ake mayarwa, sai mai kallo ya ɗauka abu guda ne. Ma'aunin kuwa ba ya bukatar bakanike: a tsai da motar a wuri mai daidaito, a auna da igiya daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi, hagu da dama, in an sami bambancin da ido ke gani, an san wanda za a tuhuma.

Maganar da ta fi wannan haɗari, ta kuma fi samun mabiya, ita ce cewa in an sa wa mota ƙaƙƙarfan sifirin, ko an cusa roba tsakanin zagayensa, ko an ɗora masa ƙarfe a ka don a ɗaga bayan, to motar ta sami lasisin ɗaukar lodi. Za ka ji bakanike na ce wa mai mota, "Alhaji, wagga mota ba ta son komi sai a ɗaga ta, in an ɗaga ta ko buhu biyar ta ɗauka," shi kuma ya amsa da "To maigida, a yi abin da ya dace." A nan akwai gaskiya kaɗan da aka lulluɓe ƙarya mai yawa da ita, don haka sai mu tsaya mu warware.

Gaskiyar ita ce, tun 1678 wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa lotsawar sifirin tana tafiya ne daidai da nauyin da aka ɗora masa, saboda haka sifirin da ya fi kauri zai lotsa ƙasa da siriri a ƙarƙashin kaya iri ɗaya, cikin motar kuma ba zai riƙa dukan ƙasa a kan tudun rairayi ba. Kamfanoni ma da kansu sun san haka: Volkswagen na ƙera wa wasu motocinta ƙafa ta musamman don ƙasashe masu munanan hanyoyi, mai ɗan ƙarin tsayi, sifirin wagon kuma ya fi na ƙaramar Golf ƙarfi. Dattawan direbobi da ke begen Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarta a 1975, suna da hujja a begensu, domin wagon ɗinta sifiri huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe. Sai dai su tuna cewa tun daga zanenta aka yi ta haka, da gatari da bodi da birki da suka dace da wannan nauyi.

Ƙaryar kuwa ita ce zaton cewa sifirin kaɗai ke yanke hukuncin nauyin da mota za ta ɗauka. Kowace mota tana da ɗan allo na ƙarfe ko takarda, a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin gidan inji, wanda aka rubuta iyakar nauyinta a kai, ƙaramar mota irin Golf kuwa abin da aka yarje mata ta ɗauka, mutane da kaya duka, bai wuce wajen kilo 500 ba. A yi lissafi: fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, ga direba, in an ƙaddara kowa kilo 65 ne, an kai 455 tun ba a buɗe but ba, a ɗora buhu uku na gero masu kilo 100 daga kasuwar ƙauye, an haura 750. Sifiri mai kauri zai ɓoye wa ido wannan nauyi, amma ba zai ɓoye shi ga taya ba, wadda ita ma an rubuta haddinta a gefenta da lamba, inda 82 ke nufin kilo 475, 88 ke nufin 560, 91 kuma 615. Ba zai ɓoye shi ga birki ba, wanda aka auna shi da nauyin asali. Ba zai ɓoye shi ga boris ɗin wili ba. Bugu da ƙari, motar da aka ɗaga fiye da kima cibiyar nauyinta ta hau sama, ta fi saurin kifewa in direba ya kauce wa rami ko jaki da gudu, in kuma gaban aka ɗaga, dirabshaf ya karkace, robarsa ta yi ta yagewa. Sa'an nan ƙarfin dukan da sifiri mai laushi zai shanye, in an taurara shi sai ya wuce kai tsaye zuwa bodi, shi ya sa ake ganin motocin haya da yawa wurin mai walda, ana ɗinke musu mazaunin shakazoba da ya tsage. A ra'ayina, wanda hanyarsa ta kullum ƙauyukan Kebbe ce, ya nemi sifirin wagon na irin motarsa, ya haɗa shi da shakazobar da aka yi dominsa, ya tsaya nan. Abin da ya wuce wannan bidi'a ce da ba ta da madogara.

Yanke sifirin babbar mota da wuta don ya shiga ƙarama kuwa, ko gasa wanda ya gaji a miƙe shi, ba sa bukatar dogon bahasi. Ƙarfen sifiri an yi masa horo na musamman da zafi a masana'anta, wutar mai walda na warware wannan horo, kuma duk zagayen da aka cire yana ƙara wa sauran tauri, ya bar bakin da ba ya zama daidai a mazauninsa. Ƙarin ganye guda a sifirin baya na Hilux ko a-kori-kura ya fi wannan sauƙin hukunci, muddin kullum da kaya take tafiya. In babu kaya, bayanta zai yi ta tsalle a kan gargada.

Akwai kuma saɓanin da ya daɗe tsakanin masu cewa shakazoba mai gas ta fi da masu cewa mai mai ta fi, har wasu na zaton mai gas ba mai a cikinta sam. Dukansu mai ne ke aiki a cikinsu. Abin da injiniyan Faransa, Bourcier de Carbon, ya kawo a shekarun 1950, wanda kamfanin Bilstein na Jamus ya ɗauka ya sa wa Marsandi a 1957, shi ne matse man da iskar naitirojin don kada ya yi kumfa, domin man da ya yi kumfa ba ya riƙe komai. Kumfar kuwa daga zafi da yawan kai-komo take zuwa, wanda ya taɓa ɗora hannu a kan shakazoba bayan doguwar tafiya a burji cikin watan Afrilu ya san irin zafin da ake nufi. Saboda haka maganar masu gas ta inganta ga mai bin gargada. Mai zirga-zirga tsakanin Tambuwal da Sakkwato a kan kwalta, in ya zaɓi mai mai don laushinta, bai yi kuskure ba. Abin da bai inganta ba shi ne cewa mai gas na ɗaga mota ko ƙara mata ƙarfin lodi, turin da gas ɗin ke yi bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da nauyin mota.

Sai babbar mas'ala ta kasuwa, wato cewa ɗan Beljiyam, gwanjon Turai, ya fi sabo. Wannan magana tana da sababi, kuma ba za a zargi masu yin ta ba, domin jabun kaya sun yi yawa, ana buga sunan KYB na Japan ko Monroe ko Sachs a kwalin abin da ba su san da shi ba, mutum ya saya ya ɗaura, kafin damina ta fita ya zube. Amma wajibi ne a rarrabe. Sifirin gwanjo abu ne da ido ke iya yi wa shaida: a jera biyun a ƙasa a ga tsayinsu ɗaya, a ƙirga zagaye, a kankare datti a duba tsatsa, domin a Turai ana zuba gishiri a kan hanya lokacin ƙanƙara, shi kuwa yana cin ƙarfe, a kuma duba ɗigon fenti masu launi da Volkswagen ke sa wa nata don bambanta mai ƙarfi da mai laushi, a tabbata na hagu da na dama sun yi daidai. A yi hattara da wasu gajeru masu ƙyalli, ja ko shuɗi, waɗanda samarin Turai ke sawa don su sauke motarsu ƙasa saboda ado da gudu. Kyansu a ido ne, hanyar Margai ba ta san da su ba. Shakazobar gwanjo kuwa cinikin gaibu ce, aibinta na ciki, ba wanda ya san tafiyar da ta yi kafin a sauke ta a Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Mafi muni shi ne wadda aka huda, aka ɗura mata man inji, aka toshe da walda, aka wanke da fetur aka fesa baƙin fenti, a hannu ta yi tauri kamar sabuwa. A shafa jikinta daga sama har ƙasa, in an ji ƙullutun walda a inda bai kamata ba, a ajiye. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, tun daga Risala, sun haramta algus da ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye damar mayar da ita in aibin ya bayyana, don haka mai saye bai yi rashin kunya ba in ya nemi a yi sharaɗin mayarwa a gaban shaidu kafin ya biya.

Game da alamomin mutuwar shakazoba, an wuce gona da iri ta fuska biyu. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne wa a saman bututu ba hujja ba ce, yakan faru ga lafiyayya. Wadda mai ke gangarowa a jikinta har ƙasa ita ce ta tafi. Danna kusurwar mota a saki a ga ko za ta yi lilo kuwa yana tona asirin wadda ta mutu murus ne kawai, mai rabin rai takan tsallake wannan jarrabawa. Shaidun da suka fi adalci su ne taya da ta cinye tudu da kwari, da gaban mota da ke nutsewa in an taka birki, da bayanta da ke yawo in an haɗu da tirela a kan hanyar Jega. Kamfanonin da ke ƙera ta sukan ambaci kilomita 80,000, amma hanyoyinsu suka duba. Canza gefe ɗaya a bar ɗaya, wanda ake yi don tsimi, ba shi da goyon bayan kowa daga masana, biyu-biyu ake canzawa, gaba tare, baya tare.

Ba kowace ƙara ce daga ƙafar mota ke nufin shakazoba ba. Sau da yawa bushin ne ya cinye, ko boljon, ko ɗan sandan da ke haɗa ƙarfen daidaito, waɗanda kuɗinsu bai kai nata ba, don haka a sa bakanike ya ɗaga motar ya girgiza wilin a gaban mai ita kafin a aika saye. In an zo ɗaura shakazoba, a sabunta robar da ke hana ƙura shiga sandar da wadda ke tare dukan ƙarshe, kada a ƙarasa ɗaure kusoshin bushin sai motar ta sauka a kan tayoyinta, in kuma ƙafar gaba aka kwance a kai ta a daidaita alaimen. Matse sifirin gaba da igiya ko waya, kamar yadda ake sa yaran gareji su yi a inda babu na'urar matsewa, ganganci ne da ke iya karya muƙamuƙi ko ya cire yatsu, mai mota yana da ikon ya ce ba a kan motarsa ba.