KANSA: ME YA HAƊA WANNAN CIWO DA ƘAGUWA?

Kullum muna jin ana cewa kansa, ciwon daji ko sankara. To ko ka san asalin kalmar kansa sunan ƙaguwa ne?

Likitan Girka na da, wanda Larabawa ke kira Abuƙraɗ, shi ya riƙa kiran ciwon "karkinos", wato ƙaguwa, kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya Selsus na Rum ya juya ta zuwa Latin, ta zama "cancer", Turanci kuma ya gaje ta. Jalinus ya bayyana dalili: jijiyoyin da ke kumbura kewaye da ƙarin nono suna miƙewa ta ko'ina kamar ƙafafun ƙaguwa. Larabci ma haka ya bi, "saraɗan" na nufin ƙaguwar da kuma ciwon.

Yau Bature kan kira duk wata ɓarna da ke yaɗuwa ba birki da wannan suna, kamar cin hanci. Haka ciwon yake a jiki. Ƙwayoyin halitta suna da ƙa'idar haihuwa da mutuwa. Idan wasu suka bijire, sai su yi ta hayayyafa, su tara ƙari, su bi jini su kafa sansani a hanta, huhu ko ƙashi.

Malamanmu sun gane hakan tuntuni. Az-Zahrawi na Andalus a littafinsa At-Tasrif, da Ibn Sina (ya rasu 1037) a Al-Ƙanun, duk sun nuna cewa tun yana ƙarami ake cire shi gaba ɗaya. In ya tsufa ya yi saiwa, aikin ya yi wuya.

Don haka maigida, uwargida, kar ku zauna da waɗannan:

• ƙullutu a nono ko hammata, ko da ba ya zafi
• zubar jini bayan daina al'ada
• gyambon da ya ƙi warkewa
• jini a fitsari ko bayan gida
• rama babu dalili

Ba kowane ƙullutu ne kansa ba, amma gwajin asibiti kaɗai ke bambancewa. Zuma da habbatus sauda ba sa maye gurbin wannan gwajin. Kunya da jinkiri su ke ba ƙaguwar damar miƙa ƙafa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan'uwa.