Tankaɗe da rairaya kan jita-jitar Bluetooth

Cikin duk abin da ke cikin wayar hannu, babu wanda ake ɗora wa laifi kamar Bluetooth. Data ta ƙare, shi ne. Batir ya mutu kafin azahar, shi ne. Kai ya sara, nan ma shi ne. Wasu tuhumomin suna da tushe, amma mafi yawansu shaci-faɗi ne, kuma abin da ya kamata a yi hattara da shi ba a cika zancensa ba.

Batun data dai ƙarya ce tsagwaronta. Bluetooth ɗan ƙaramin rediyo ne da ke magana tsakanin na'urori biyu na kusa da juna, ba ya bi ta eriyar kamfanin waya. Cire sim ɗinka, za ka ga sifika tana ta waƙa abinta. Idan data ta tafi, bidiyon YouTube ɗin da kake saurara ta iyafis ne ya cinye ta.

Zancen batir gaskiya ne a zamaninsa. Wanda ya riƙe Nokia a shekarun da ake tura waƙoƙin fim daga waya zuwa waya ya san ana kashe Bluetooth da an gama. Amma tun 2010, da aka fito da sigar 4.0 mai tsimin wuta, barinsa a kunne ba tare da aiki ba ɗan abu kaɗan yake ja. Hasken fuskar waya ya fi shi shan caji nesa ba kusa ba.

Sai tsoron ciwon daji. Asalinsa shi ne a 2011 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin abubuwan da ƙila suna iya haddasa cutar, rukunin da ake sa abin da hujjarsa ba ta yi ƙarfi ba. Ga lissafin da masu yaɗa jita-jitar ba sa kawowa: rukunin Bluetooth da aka fi amfani da shi bai wuce miliwat 2.5 ba, ita kuwa wayar GSM tana iya kai wat 2 idan sabis ya yi rauni. Wato mai amsa kira ta iyafis ya nisanta kansa daga mai ƙarfin ne. Illar da aka tabbatar ita ce ƙarar sauti. Hukumar ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarfin desibel 80, kuma mai ƙure murya don ya danne ƙarar janareto ko ta adaidaita sahu ya wuce nan. Jita-jitar 2021 cewa wanda aka yi wa allurar korona yana bayyana a jerin Bluetooth ba ta cancanci dogon bayani ba. Baƙin lambobin da ake gani a jerin agoguna ne da wayoyi da talabijin na maƙwabta.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya shi ne yankewa. Tun da injiniyoyin Ericsson suka fara aikin Bluetooth a Suwidin a 1994, an gina shi ne a kan zangon gigahaz 2.4, wanda kowa ke shiga ba lasisi, har da Wi-Fi. Don kauce wa karo, yana tsalle tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya. Dabarar tana aiki, amma a wuri irin kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, inda kowane teburi ke da na'ura a kunne, tashoshin cika suke yi. Ga kuma jikin mutum: ruwa yana shanye wannan igiya, jiki kuwa galibinsa ruwa ne. Shi ya sa waya a aljihun baya, iyafis a kunne, sai waƙa ta riƙa sarƙewa, ka mayar da ita aljihun gaba ta daidaita. Mita 10 ɗin da ake rubutawa a kwali ta fili ce, bangon siminti yana rage ta.

Ƙin haɗuwa ma yawanci ba lalacewa ba ce. Iyafis da yawa na'ura ɗaya suke riƙewa a lokaci guda, kuma da an buɗe su sai su koma ga wadda suka sani. Sau nawa ake kai wa mai gyara iyafis a ce "ya ƙi kamawa", alhali yana manne da wayar uwargida a ɗaki? Kashe Bluetooth na tsohuwar wayar, ko ka goge sunan ka sake haɗawa daga farko. Haka nan jinkirin sauti a wasan gem gaskiya ne, domin sai an matse sautin kafin a aika. Raguwar daɗin murya lokacin kira ma haka, tsarin kira daban yake da na kiɗa. Kuma iPhone ba ta tura wa Android hoto ta Bluetooth, komai naci. Apple ne bai buɗe wannan ƙofar ba.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Siga ta 5, ta 2016, ta ƙara zango da sauri ne a ɓangaren mai tsimin wuta. Daɗin sauti yana ga ingancin sifikar, kuma sabuwar waya tana haɗuwa da tsohon iyafis lafiya lau.

Kutse fa? Ya taɓa faruwa. A 2004 ƙwayar cutar Cabir ta bi wayoyin Symbian ta Bluetooth, amma sai mai waya ya danna amincewa da hannunsa. A 2017 kamfanin Armis ya bayyana ɓarakar BlueBorne, wadda ba ta ma jiran amincewa, aka kuma toshe ta da sabuntawa. Duk wannan sai mai kutsen yana kusa da kai, ba daga wani gari ba. Don haka idan wayarka tana karɓar sabuntawa, bar Bluetooth a kunne ba fargaba. Idan tsohuwa ce da ta daina karɓa, kashe shi a tasha da kasuwa. Kuma duk buƙatar haɗuwa da ta faɗo daga sunan da ba ka sani ba, ka ƙi amsawa.