Karatu a Birtaniya: Samun biza daban, samun ɗakin kwana daban

A watan Satumban 2022, ana gab da komawa karatu, Jami'ar Glasgow da ke yankin Sikotland ta aika wa ɗalibanta wani saƙo da ba a saba gani ba. Ta shawarci waɗanda ba su riga sun sami masauki ba da kada su kama hanyar zuwa birnin, domin ɗakunan haya sun yi ƙaranci.

Ga ɗalibin da iyayensa ke Birtaniya, ƙarshenta ya ci gaba da zama a gida. Ga wanda zai taso daga Kano ko Abuja kuwa, bayan ya biya kuɗin makaranta ya yanki tikitin jirgi, magana ce ta daban.

Yawancin masu shirin zuwa karatu Birtaniya a kan biza suke ƙarar da ƙarfinsu da kuɗinsu, su bar batun masauki sai an sauka. Amma biza izinin shiga ƙasa ce kawai, ba ta zuwa da makulli. Kuma dokokin biyu a sarƙe suke: ba a samun haya a Ingila sai da shaidar biza, sannan tsadar haya na iya janyo a rasa bizar.

Abin da ake nema kafin biza

Matakin farko shi ne lambar CAS, wadda jami'a ke bayarwa don tabbatar da cewa ta ɗauki ɗalibi kuma ita ce za ta tsaya masa a gaban Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Da wannan lamba ake neman biza, kuma ana iya nema tun wata shida kafin soma karatu. Amsa kan fito cikin kimanin mako uku.

Mai nema daga Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru sai ya kawo takardar gwajin tarin fuka daga asibitin da Birtaniya ta amince da shi. Takardar wata shida take yi ta daina aiki.

Sai kuɗi. A watan Afrilun 2025 kuɗin neman bizar ɗalibi ya koma fam 524. Akwai kuma kuɗin lafiya, wanda tun Fabrairun 2024 ya tashi daga fam 470 zuwa fam 776 a kowace shekara, kuma na duka tsawon bizar ake biya gaba ɗaya tun kafin a tafi.

Babban sharaɗin shi ne nuna kuɗin zama. Daga Nuwamban 2025, ɗalibi zai nuna fam 1,529 na kowane wata idan a Landan zai yi karatu, ko fam 1,171 idan a wani gari ne, har na wata tara. Jimilla ke nan fam 13,761 ko fam 10,539, ban da abin da ya rage na kuɗin makarantar shekarar farko.

Dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusun ɗalibin ko na iyayensa. Idan suka ragu ko da na yini ɗaya ne, lissafi ya koma farko.

Kuɗin takarda da kuɗin zahiri

A nan mutane da dama ke yin kuskure. Wasu kan aro kuɗin, a ajiye su kwana 28, da biza ta fito a mayar wa masu su. Ɗalibi ya sauka da ɗan guzuri, yana sa ran aiki zai riƙe shi.

Lissafin ba ya fita. Bizar ɗalibin digiri ta yarda da aikin sa'a 20 ne kawai a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin ladan aiki da aka sa a Afrilun 2025 ga mai shekara 21 zuwa sama shi ne fam 12.21 a sa'a. Wanda ya cika sa'o'insa kowane mako zai tashi da kusan fam 1,058 a wata, abin da bai kai ko adadin da gwamnati ta ƙiyasta wa mazaunin wajen Landan ba. Wannan ma idan aikin ya samu da wuri ke nan.

Bizar kuma ta haramta masa cin tallafin gwamnati. Ba shi da haƙƙin gidan ƙaramar hukuma, ba shi da na tallafin biyan haya.

Sannan ga canji. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira 1,000 ba ko a kasuwar bayan fage, amma a farkon 2024 ya haura naira 2,000. A watan Mayun 2024 BBC ta ruwaito yadda aka dakatar da wasu ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside, aka kuma sanar da Ma'aikatar Cikin Gida, bayan faɗuwar naira ta hana su biyan kuɗin makaranta a kan kari. Jami'ar ta ce dokar biza ce ta wajabta mata hakan.

Idan jami'a ta janye tsayawar da ta yi wa ɗalibi, galibi kwana 60 ake ba shi ya sami wata hanya ko ya bar ƙasar. Kuɗin makarantar da haya ta cinye na iya kai mutum ga wannan hali.

Mai gida ma yana duba biza

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2016, doka ta ɗora wa duk mai ba da haya a Ingila nauyin tabbatar da cewa ɗan hayarsa na da izinin zama a ƙasar. Wanda ya yi sakaci, tarar da aka ƙara a 2024 na iya kaiwa fam 10,000 a kan kowane ɗan haya a karon farko. Wannan doka ba ta aiki a Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa.

Yanzu da aka daina amfani da katin zama na roba aka koma bizar intanet, ɗalibi zai buɗe asusu a shafin hukumar shige da fice, ya ciro lambar tantancewa da ake kira share code, ya ba mai gida ko dillali. Lambar kwana 90 take yi. Wanda ya shirya wannan tun daga gida ya rage wa kansa wahala, domin a garin da mutum goma ke neman ɗaki ɗaya, mai gida ba ya jiran wanda takardunsa ba su kammala ba.

Wa zai tsaya maka?

Shingen da ya fi tsayar da baƙi shi ne mai lamuni. Masu gidaje kan nemi wani mazaunin Birtaniya mai tsayayyen albashi ya sa hannu cewa zai biya idan ɗan haya ya gaza. Ɗalibin da ya sauka jiya ba shi da irin wannan mutum, ba shi kuma da tarihin biyan bashi a ƙasar.

Shekaru da yawa mafitar ita ce a biya hayar wata shida ko shekara gaba ɗaya, abin da ɗan Najeriya ya saba da shi a gida. Amma sabuwar dokar kare 'yan haya da aka sanya wa hannu a Oktoban 2025, wadda aka sa 1 ga Mayun 2026 a matsayin ranar soma aiki da manyan tanade-tanadenta, ta hana mai gida a Ingila neman hayar fiye da wata ɗaya a gaba.

Dokar rangwame ce ga 'yan haya, har ta ba su damar tashi bayan sanarwar wata biyu. Sai dai ta toshe ƙofar da baƙo ke bi ya maye gurbin mai lamuni da tsabar kuɗi. Abin da ya rage shi ne kamfanonin da ke tsaya wa mutum a biya su lada, ko tsarin lamuni da wasu jami'o'i ke yi wa ɗalibansu. Yana da kyau a tambayi jami'a wannan tun kafin a karɓi gurbinta.

Wannan ne ya sa ɗakunan jami'a suka fi sauƙi ga sabon zuwa, ko da sun ɗan fi tsada. Ana iya kama su daga gida, galibi kuɗin wuta da ruwa da ɗumama ɗaki da intanet na ciki, kuma ana cire wani ɓangare na abin da aka biya jami'a daga kuɗin zaman da za a nuna wa masu biza. Kuɗin da aka ba mai gida na waje ba ya shiga wannan lissafi.

Sanin doka kafin a miƙa kuɗi

Dokar 2019 ta iyakance abin da za a karɓa daga ɗan haya a Ingila. Kafin alƙalami na kama ɗaki bai wuce hayar mako ɗaya ba, kuɗin ajiya kuma bai wuce na mako biyar ba a gidajen da ɗalibai ke kamawa. Dole mai gida ya saka kuɗin ajiyar a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Dillali kuma ba shi da hurumin karɓar la'ada daga ɗan haya.

A lura da yadda ake faɗin farashi. Ɗakin fam 150 a mako ba fam 600 ba ne a wata, fam 650 ne, domin mako 52 ake rabawa gida 12. A tambaya ko kuɗin ɗumama ɗaki na ciki, saboda daga Nuwamba zuwa Maris shi ne ke cin aljihu. Ɗalibin cikakken lokaci ba ya biyan harajin gida na ƙaramar hukuma, amma sai ya kai shaida daga jami'a.

Wanda zai zauna gida ɗaya da mai gidan ya sani cewa haƙƙinsa bai kai na sauran 'yan haya ba: ana iya sallamarsa cikin ɗan lokaci, kuma ba dole ne a saka kuɗin ajiyarsa a asusun kariya ba.

Akwai kuma abin da yarjejeniya ba ta faɗa. A gidajen haɗaka da dama maza da mata ne ke amfani da kicin da banɗaki ɗaya, firji ma ɗaya. Wanda wannan zai dame shi ya tambaya tun da wuri, domin wasu jami'o'i na ware ɓangaren mata zalla ko wanda ba a shan giya, amma guraben kan cika da sauri.

'Yan damfara ma sun san lokacin da ɗalibai ke tururuwa. Sukan ɗauko hoton gidan wani su saka a Facebook ko WhatsApp da farashi mai rahusa, su ce mai gidan ya yi tafiya, a turo kuɗi a kama ɗakin. Gani ya kori ji: idan babu wanda zai je ya duba, gara a kama masaukin wucin gadi na mako biyu, tunda biza ta yarda a shiga ƙasar har wata ɗaya kafin soma karatu.

Masu iyali

A shekarar 2022 an ba iyalan ɗaliban Najeriya biza sama da 60,000, adadin da ya fi na kowace ƙasa. Daga 1 ga Janairun 2024 aka rufe wannan hanya ga yawancin masu digiri na biyu. Waɗanda suka rage su ne masu digirin digirgir da sauran karatun bincike, da kuma waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Su ma ɗin sai sun nuna ƙarin fam 845 a wata kan kowane mutum a Landan, ko fam 680 a wajenta. Ɗakunan jami'a na masu iyali kaɗan ne, kuma doka ta hana cunkoso, don haka ba a cusa mata da yara uku a ɗaki ɗaya. Shi ya sa wasu magidanta ke yin gaba su kaɗai, sai sun sa hannu a yarjejeniyar gida iyali su biyo baya.

Adadin kuɗaɗen nan na sauyawa kusan kowace shekara, kuma shafin gwamnatin Birtaniya ne ke da na ƙarshe. Abin da ba ya sauyawa shi ne tsarin: ranar da gurbin karatu ya fito, ranar ake soma neman ɗaki, ba ranar da biza ta fito ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.